Rumbunan Bayanan Atam da Molekul: Lambobin da Lissafin Filasma Ya Dogara da Su

Filasma ita ce gas ɗin da ya sami zafi ko ƙarfin lantarki mai yawa har wasu daga cikin atam ɗinsa, wato ƙwayoyin zarra, suka rabu da ilektaron ɗinsu, ya koma cakuɗen ilektaron masu yawo su kaɗai, da ayon, wato atam ko molekul ɗin da ya rasa ilektaron ya zama mai ɗauke da caji, da kuma ragowar ƙwayoyin da ba su rasa komai ba. Rana da taurari filasma ne, haka ma walƙiya, da hasken dogon ƙwan lantarki, da gas ɗin da masana'antu ke sassaƙa hanyoyin lantarki da shi a jikin silikon na kwamfuta da wayar salula, da kuma wutar da ake ƙoƙarin tsarewa a injinan haɗe cibiyoyin atam domin samar da makamashi. Da yake galibin waɗannan wurare ba a iya cusa ma'auni a cikinsu, ko don nisa ko don zafin da zai narkar da ma'aunin, masu bincike sun dogara da hasken da filasmar ke fitarwa da kuma lissafin kwamfuta mai kwaikwayon abin da ke gudana a cikinta. Dukkan hanyoyin biyu ba sa tsayawa sai da lambobi, domin kowane karo tsakanin ƙwayoyi biyu yana da gwargwadon yiwuwarsa, kuma sai an san wannan gwargwado kafin a fassara haske ko a gudanar da lissafi. Rumbunan bayanan atam da molekul su ne ma'ajiyar waɗannan lambobi, kuma abin da ke ba rumbu daraja shi ne iya faɗin inda kowace lamba ta fito da iyakar amincinta, fiye da yawan abin da ya tara.

Lambar da komai ke ginuwa a kanta ita ce wadda za a iya kira faɗin karo, wato wani fili na lissafi da ke nuna girman yiwuwar cewa ilektaron mai tafe da wani adadin makamashi zai haifar da wani sakamako na musamman idan ya gamu da atam. Yana iya bugun atam ɗin ya kauce ba tare da ya canza shi ba, yana iya ɗaga wani ilektaron na cikinsa zuwa mataki na sama wanda daga baya zai sauko ya fitar da haske, yana iya fisge ilektaron ɗin baki ɗaya, idan kuma ayon ya tarar yana iya maƙalewa a jikinsa. Molekul kuwa ana iya girgiza shi ko a farfasa shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa faɗin karo, kuma faɗin yana sauyawa da makamashin ilektaron, wanda ake aunawa da ilektaron-bolt, ma'aunin da guda ɗayansa ya yi daidai da zafin digiri kusan 11,600. Alal misali, ilektaron da bai kai ilektaron-bolt 13.6 ba, ba zai iya fisge ilektaron ɗin haidirojin daga matakinsa na ƙasa ba, daga wannan iyaka yiwuwar take hawa har ta kai ƙololuwa sannan ta riƙa sauka a hankali. Wani lokaci sauyin yakan saɓa wa hankalin yau da kullum, kamar yadda Carl Ramsauer ya gano a Jamus a 1921 cewa ilektaron mai ƙarancin makamashi, ƙasa da ilektaron-bolt ɗaya, yana ratsa gas ɗin argon kusan kamar babu komai a gabansa. Tun da ilektaron ɗin filasma ba gudu ɗaya suke yi ba, mai lissafi yakan haɗa faɗin karon da yadda gudun ya rarrabu a tsakaninsu, ya fitar da lamba ta biyu, ma'aunin saurin aukuwa, wadda ke faɗin sau nawa abin zai faru a daƙiƙa guda a wani zafi.

Matsalar ta yawa ce. Atam ɗin haidirojin mai ilektaron ɗaya tak yana da matakai masu yawa da ake iya tafiya tsakaninsu, ƙarfen tungistin kuwa ilektaron 74 gare shi, kuma kowane mataki na rasa ilektaron yana haifar da sabon ayon mai dubban matakai nasa na kansa. Gwajin ɗakin bincike ba zai taɓa ƙure wannan ba, domin auna faɗin karo guda da kyau yakan ci shekaru, wasu ƙwayoyin ma ba sa daɗewa har a tara su a auna. Saboda haka mafi yawan abin da ke cikin rumbunan lissafi ne aka yi da dokokin kimiyyar kwantom, kuma lissafin hawa-hawa ne: akwai mai tsada da zurfi irin hanyar R-matrix da Philip Burke da abokan aikinsa suka raya a Belfast, ko hanyar da Igor Bray da Dmitry Fursa suka gina a Ostireliya, akwai matsakaici mai sauri da manhajoji irin AUTOSTRUCTURE da FAC da HULLAC ke yi, akwai kuma ƙiyasi tsagwaronsa irin ƙa'idar da Wolfgang Lotz ya fitar a ƙarshen shekarun 1960. Da zarar an zuba su a jadawali ɗaya, lambobin duk kama ɗaya gare su, kuma a nan hatsarin yake.

Masu neman makamashi daga haɗewar cibiyoyin atam suna daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar tattara bayanan a matsayin aiki mai zaman kansa. Tun ƙarshen shekarun 1950 C. F. Barnett ya fara tara su a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka, aikin da ya haifar da jerin kundayen da aka fi sani da jajayen littattafai. A 1977 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana ta kafa sashe na musamman domin bayanan atam da molekul, kuma wannan sashe ne ya karɓi tsarin adana bayanai na ALADDIN wanda Russell Hulse ya tsara a ɗakin binciken filasma na Princeton a ƙarshen shekarun 1980, shi ne kuma Hulse ɗin da ya sami kyautar Nobel a 1993 saboda wani bincike na daban a kan taurari. Ratko Janev, masani ɗan Makedoniya wanda ya jagoranci sashen na shekaru, ya bar tarin bayanai da aka tace a kan haidirojin da hiliyom da kabon waɗanda har yau ake lissafi da su. Japan tana da nata rumbunan a cibiyar NIFS da ke Toki, ita kuma hukumar NIST ta Amurka ita ce madogara a kan matakan makamashin atam da tsawon zangon hasken da kowane yake fitarwa. Masana taurari sun gina nasu, irin CHIANTI wanda aka fara fitarwa a shekarun 1990 domin nazarin hasken rana, da AtomDB.

Sai dai injiniyan da ke lissafin tokamak, wato injin mai siffar zobe da ke tsare filasma da ƙarfin maganaɗisu, ba zai iya ɗaukar dubban matakan kowane ayon ya zuba a lissafinsa ba. Abin da yake bukata shi ne lambobi kaɗan da suka riga suka haɗiye duk waɗannan matakai: yawan ayon da ke samuwa, yawan da ke komawa, da yawan makamashin da ke tserewa ta hanyar haske, a kowane zafi da kowane cunkoson ilektaron. Cunkoson yana da muhimmanci, domin a filasma mai ƙarancin cunkoso irin ta sararin da ke kewaye da rana atam ɗin da aka ɗaga yakan sauko ya fitar da haskensa kafin wani ilektaron ya sake bugunsa, a mai cunkoso sosai kuwa karo ne ke mulki, ita kuwa filasmar tokamak tana tsakani, inda dole a lissafa karo da haske a tare. Wannan aiki na taƙaitawa shi ne tsarin ADAS ke yi, wanda Hugh Summers ya assasa a injin JET da ke Culham a Ingila, ya kuma ci gaba a Jami'ar Strathclyde, daga baya aka buɗe wani ɓangare nasa ga kowa da sunan OPEN-ADAS. Amfanin taƙaitawar a bayyane yake, amma tana ƙara nisa tsakanin mai amfani da lamba da wanda ya samar da ita, ta yadda kuskuren da ke cikin faɗin karo guda yakan ɓuya a ƙarƙashin hawa biyu ko uku na lissafi.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar batun tungistin. An zaɓe shi domin shimfiɗa wuraren da filasma ke taɓawa saboda ba ya narkewa sai a digiri 3,422 na ma'aunin Selshiyos, ba ya saurin zaizayewa, kuma ba ya riƙe tiritiyom, wato nau'in haidirojin mai nauyi da tsada da ake ƙonawa, kamar yadda kabon ke riƙewa. Aibinsa shi ne ko a zafin digiri miliyan 150 da ake nufin kaiwa a injin ITER da ake ginawa a Cadarache a kudancin Faransa, tungistin ba ya rasa dukkan ilektaron ɗinsa, kuma ragowar suna ta fitar da haske mai ɗebe makamashin filasmar, har ta kai cewa atam 'yan kaɗan cikin kowane 100,000 sun isa su hana wutar kamawa. An ɗanɗana wannan tun shekarun 1970 a injin PLT na Princeton, inda tungistin ya sanyaya tsakiyar filasmar har aka guje shi na tsawon lokaci, sai da injin ASDEX Upgrade na Garching a Jamus ya kammala lulluɓe bangonsa da shi a 2007, JET kuma ya saka bango na beriliyom da tungistin a 2011, sannan ya dawo da ƙarfinsa. Domin a san yawan tungistin da ke cikin filasma daga haskensa, dole a san wane ayon ne ya fi yawa a wane zafi, wannan kuwa ya dogara da daidaito tsakanin saurin fisge ilektaron da saurin maido shi. Lokacin da Thomas Pütterich da abokan aikinsa suka kwatanta lissafi da abin da suka gani a ASDEX Upgrade, sai da suka gyara lambobin maido ilektaron da hannu kafin su dace da gwaji, suka kuma faɗi haka a fili a rahotonsu na 2008.

Dalilin saɓanin yana komawa ga wata hanyar maido ilektaron wadda a cikinta ilektaron mai zuwa yake ba wani na cikin ayon makamashinsa, su biyun su zauna na ɗan lokaci a matakan sama, sannan haske ya fita ya tabbatar da kamun. Alan Burgess ne ya nuna a 1964 cewa wannan hanya ce ta fi ƙarfi a filasma mai zafi, kuma da haka aka warware saɓanin da ya daɗe game da zafin sararin da ke kewaye da rana. A ayon ɗin tungistin da ya rasa ilektaron wajen 20, inda wani rukunin ilektaron na ciki yake rabin cike, matakan da ake iya zama a kansu suna da yawan gaske kuma suna cuɗanya da juna ta yadda lissafi na al'ada ba ya iya ƙirga su. A 2011 Stefan Schippers da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi wa ayon mai rashin ilektaron 20 a zoben ajiyar ayon na Heidelberg, inda suka tarar cewa a zafin da wannan ayon ya fi yawa saurin maido ilektaron ya ninka abin da ke cikin rumbu kusan sau huɗu. Wannan awo guda ya tilasta a sake duban hanyoyin lissafi, ya kuma ƙarfafa aikin haɗin gwiwa da hukumar Biyana ta gudanar a kan tungistin a farkon shekarun 2010, da shirin Strathclyde na sake lissafa kowane ayon na ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne tsohuwar lambar ba a ƙirƙire ta da ha'inci ba, ƙiyasi ce da aka yi lokacin da babu wanda ya fi ta, amma jadawalin da ke ɗauke da ita bai gargaɗi mai karatu da girman shakkar da ke kanta ba.

A ƙasan tokamak akwai wani sashe da ake kira dibeta, inda ake karkatar da zafi da tokar hiliyom su fita, kuma a can lamarin ya koma na molekul. Farantan dibetar ITER an tsara su ne su jure kimanin megawat 10 a kowace murabba'in mita, don haka ana so filasmar ta huce zuwa ilektaron-bolt ɗaya ko 'yan kaɗan kafin ta taɓa su, a irin wannan sanyi kuwa molekul ɗin haidirojin yana rayuwa ya shiga harkar. Molekul ɗin yana da matakan girgiza 15, kuma matakin da yake kai yana sauya komai: yiwuwar ya kama ilektaron ya rabe gida biyu, ɗaya mai cajin ragi, tana ƙaruwa da ninki dubbai daga mataki na ƙasa zuwa na huɗu. Manhajar EIRENE da Detlev Reiter ya raya a Jülich, wadda ke bin sawun atam da molekul marasa caji, tana ɗaukar lambobinta daga kundaye irin HYDHEL da AMJUEL, waɗanda wani ɓangare nasu ya samo asali daga littafin Janev da abokansa na 1987. Amma injin gaske ditiriyom, wani nau'in haidirojin mai nauyi, da tiritiyom zai ƙona, tazarar matakan girgizarsu kuwa ta bambanta da ta haidirojin na yau da kullum, kuma lissafi mai zurfi ga waɗannan nau'o'i bai fara samuwa da yawa ba sai a shekarun baya-bayan nan daga ƙungiyar Jami'ar Curtin da ke Perth.

Duniyar filasma mai ƙarancin zafi, ta masana'antar silikon da fitilu da tsabtace ruwa da gwaje-gwajen warkar da rauni, tana da nata tsarin. A nan gas ɗin yana iya zama da ɗumin ɗaki yayin da ilektaron ke ɗauke da 'yan ilektaron-bolt, kuma gudun ilektaron ɗin bai rarrabu bisa ƙa'idar da aka saba da ita a gas mai daidaiton zafi ba, don haka dole mai lissafi ya warware lissafin Boltzmann ya gano rarrabuwar da kansa, galibi da manhaja irin BOLSIG+ wadda Gerjan Hagelaar da Leanne Pitchford suka bayyana a 2005. Wannan lissafi yana bukatar cikakken jeri, wato dukkan hanyoyin da ilektaron zai iya rasa makamashi ko sauya alkibla a wannan gas, kuma ana gwada jerin ne da wasu abubuwa da ake iya aunawa da kyau, kamar saurin da garken ilektaron ke tafiya a ƙarƙashin ƙarfin lantarki da yawan sababbin ilektaron da yake haifarwa. Rumbun LXCat, wanda ya taso daga ɗakin binciken LAPLACE na Toulouse a wajen 2010, ya tara jerin masana daban-daban wuri ɗaya, har da na Arthur Phelps na cibiyar JILA a Colorado da na Stephen Biagi da na ƙungiyar Lisbon. Kwatancen da aka buga a 2013 a kan argon da danginsa ya nuna cewa jeri biyu suna iya dacewa da awon garken ilektaron alhali sun saɓa wa juna a kan ɗaiɗaikun faɗin karo, domin mai tsara jeri yakan ƙara nan ya rage can har jimillar ta daidaita. Ma'anar wannan ita ce wanda ya ciro lamba mafi kyau daga wannan jeri ya haɗa da mafi kyau daga wancan yana iya ƙarewa da abin da ya fi kowannensu muni. LXCat bai zaɓar wa mai amfani jeri ba, ya bar kowane da sunan mai shi, kuma wannan shawara tana da hujja, ko da yake tana ɗora wa ɗalibi nauyin hukuncin da ba lallai ya isa yankewa ba.

Karo tsakanin ƙwayoyi masu nauyi, wato ayon da atam da gutsattsarin molekul, shi ne ɓangaren da ya fi rauni, domin lissafin filasmar iska ko ta gas ɗin sassaƙa silikon yakan ƙunshi ɗaruruwa ko dubban hanyoyin sauyi, kuma al'adar da aka daɗe a kai ita ce kowane marubuci ya kwafo jadawalin wanda ya gabace shi. A 2015 Miles Turner na Jami'ar Birnin Dublin ya ɗauki lissafin filasmar hiliyom da iskar oksijin mai hanyoyi sama da 300, ya bi kowace lamba zuwa tushenta, ya tarar da kurakuran kwafi da jingina lamba ga takardar da ba ita ce asalinta ba, sannan ya nuna yadda shakkar da ke kan lambobin ke yaɗuwa zuwa sakamakon ƙarshe. Abin da ya yi bai da nisa da aikin malaman ruwaya, waɗanda ba sa karɓar zance sai sun bi isnadinsa mutum bayan mutum har zuwa wanda ya ji da kunnensa. Rumbun QDB na kamfanin Quantemol, wanda ya fito daga Kwalejin Jami'ar Landan ƙarƙashin Jonathan Tennyson, yana ƙoƙarin samar da cikakkun jerin da aka gwada da awo domin masana'antu, sai dai wani ɓangare nasa na kuɗi ne.

Gyaran da aka yi a shekarun nan ya bi fuska biyu. Ta farko ita ce harshe guda, domin rumbuna sun daɗe kowane yana rubuta sunan mataki da ma'auninsa yadda ya ga dama; shirin VAMDC da Tarayyar Turai ta fara ɗaukar nauyinsa a 2009 ya haɗa rumbuna da dama ta yadda tambaya ɗaya za ta isa gare su duka, sabon rumbun hukumar Biyana mai suna CollisionDB kuma yana ɗaure kowane jerin lambobi da takardar da aka buga shi a ciki. Ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ce faɗin girman shakka. Mai awo ya saba rubuta iyakar kuskurensa, mai lissafi kuwa ya daɗe yana ba da lamba tsirara, har sai da mujallar Physical Review A ta sanar a 2011 cewa tana bukatar ƙiyasin shakka a irin waɗannan lissafe-lissafe, wata ƙungiyar masana kuma ta fitar da jagora a kan yadda za a yi shi a 2016.

Duk da haka, ba a tace lamba da manhaja. Sai an sami masanin da zai zauna da awo biyar da lissafi uku masu saɓani, ya san wane injin ne ke da matsalar daidaitawa da wace hanyar lissafi ce ke gazawa kusa da iyakar makamashi, sannan ya ba da shawarar jerin lambobi guda da iyakar shakkarsa. Irin wannan aiki ba ya kawo suna kamar sabon bincike, masu ba da kuɗi ba sa ɗokinsa, kuma ya daɗe yana rataye a wuyan mutane ƙalilan. Phelps ya rasu a 2012, Janev a 2019, kuma tarurrukan horarwa da hukumar Biyana ke shiryawa tare da cibiyar ICTP ta Trieste ba su isa su cike gurbin irinsu da sauri ba. Bukatar kuwa ƙaruwa take yi, domin a sabon tsarin da aka fara gabatarwa a 2023 ITER ya sauya bangonsa na farko daga beriliyom zuwa tungistin, tare da shirin shafa masa siririn boron domin kame iskar oksijin, ga kuma neyon da ake nufin fesawa don sanyaya dibeta. Kowane ɗayan waɗannan yana zuwa da nasa ayon da molekul da ba a gama aunawa ba, kuma jadawalin aikin ya sa fara gwaje-gwaje a 2034, ƙona ditiriyom da tiritiyom kuma a 2039.